Yadda ake yin gilashin ido na gaskiya, tun daga awo har ka ɗora shi a hanci

Ni fa ba ciwo ne ya kai ni asibitin ido ba, katin waya ne. Na kankare kati na kawo shi kusa da fuska sai lambobin suka cakuɗe, na ɗan matsar da shi baya suka fara fitowa, na ƙara matsarwa har hannuna ya miƙe gaba ɗaya sannan na iya raba 3 da 8, uwargida tana gefe tana kallona tace Malam ko in riƙe maka shi daga bakin ƙofa ne. Lokacin ina da shekara 43. Washegari nayi abun da kusan kowa ke yi, na tsaya wajen mai faifan gilasai a bakin kasuwa na gwada guda huɗu na ɗauki wanda rubutu yafi fitowa da shi, sati biyu ina fama da ciwon goshi kamar an ɗaure min kai da igiya kafin na haƙura naje aka auna ni, ashe idon dama da na hagu ba lamba ɗaya suke so ba. Tun daga nan na raka Hajiyarmu, na raka yarona, na raka maƙwabta, hanyar dai na haddace ta, shi yasa nace bari in shimfiɗa ta daki-daki.

Abu na farko, ka gane wane irin rashin gani ne ke damunka, don in ka shiga gaban likita kace masa kawai "bana gani sosai" baka taimake shi ba. Ka tuna gilashin nan da muke ƙona takarda da shi a rana muna yara, kana ɗaga shi kana sauke shi har hasken ya tattaru ya zama ɗan ɗigo guda, toh haka ido yake aiki. Haske yana shiga ta wata fata garai-garai da ta rufe baƙin ido, ita ake cewa koniya, ita ke yin mafi yawan aikin lanƙwasa hasken, sai wani ɗan lens, wato kamar ɗan gilashi na halitta dake ciki, ya ƙarasa, ɗigon ya sauka daidai akan labulen dake can bayan ido wato retina. In ya sauka daidai ka gani tar. In ya tattaru kafin ya isa, ko ya isa bai gama tattaruwa ba, shine dishi-dishin nan. Ba cuta bace irin ta ƙwayar cuta, awo ne bai zo daidai ba, shi yasa babu maganin ɗigawa ko na sha dake gyara shi, sai dai a sa wani gilashi a gaba ya daidaita hasken.

Wanda ƙwayar idonsa tayi tsawo fiye da kima, haske na tattaruwa tun kafin ya kai labulen, shi yana ganin kusa lafiya lau amma nesa sai a hankali, shine zakaga yana ƙanƙance ido in zai karanta allon aji ko lambar mota, likitoci na ce masa mayofiya, gilashinsa mai siririn tsakiya ne da kaurin baki, lambarsa da alamar mainos. Wanda tasa ƙwayar ta gajarta kuma akasin haka ne, gilashinsa mai tudu a tsakiya, alamar fulos, kuma wannan yana da yaudara don in mutum yaro ne ko matashi idon yana matsawa da ƙarfin tsiya ya gani, sai dai kullum ciwon kai da gajiya da bacci in an buɗe littafi, a ce masa rago. Na uku astigimatizim, shi koniyar ce bata zagaye daidai kamar ƙwallo ba, tayi kamar ƙwai, gefe ɗaya yafi lanƙwasa, sai kaga rubutu da inuwa, fitilar mota da daddare tana jan jela, kusa da nesa duk ba daɗi. Na huɗu shine nawa na katin waya, wanda ba ya ƙyale kowa in Allah ya ja da rai, daga wajen shekara 40 lens ɗin ciki yana fara taurin kai baya lanƙwasuwa don ganin kusa, shi ke sa iyayenmu mata kiran jika yazo ya zura musu zare a allura, shi ke sa malami ya dinga nesanta Alƙur'ani da fuskarsa. Mutum ɗaya zai iya haɗa biyu ko uku a ciki.

Na biyu, kafin ka tafi yi ɗan gwaji a gida. Rufe ido ɗaya da tafin hannu, kar ka danna shi, ka kalli kalandar bango ko rubutun wani shago daga nesa, sannan ka sauya. Mutane da yawa anan suke gano cewa shekara da shekaru ido ɗaya ne ke ɗauke da su. Sai ka samu ɗan kwali, ko na ashana ne, ka huda shi da allura ƙaramar ƙofa, ka leƙa ta ciki. In abun da ke dishi-dishi ya washe ta cikin hudar nan, alama ce mai ƙarfi cewa gilashi zai maka aiki. In bai washe ba toh wataƙila wani abun ne daban, yanar ido ko matsalar can baya irin wadda ciwon suga ke kawowa, duk dai asibitin zaka. Amma in gani ya ɗauke maka farat ɗaya, ko kana ganin walƙiya da wani abu kamar labule ya sauko ta gefe, ko ido yayi ja da azabar ciwo har da amai, wannan ba maganar gilashi bace kuma ba ta jiran gobe bace, a ranar ake tafiya.

Na uku, ina zaka je. Mutum uku ne a harkar kuma mu duk likita muke ce musu. Akwai babban likitan ido mai yin tiyata da duba cututtuka, akwai oftometiris wanda shi ne gwanin awon gani da rubuta lambar gilashi kuma yana duba lafiyar idon, sai mai yanka gilashi ya zauna a firem, shi aikinsa bin abun da aka rubuta. A Najeriya akwai hukumar ODORBN da ke yiwa na biyu da na ukun rajista, ba laifi bane ka tambaya ko ka duba takardar shaida a bango. In kana Kaduna ga Cibiyar Ido ta Ƙasa, a Kano ga asibitin ido na ECWA da na Makkah da sashen ido na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, sauran jihohi ma manyan asibitocin gwamnati suna da sashen ido. Ka tafi da sassafe don layi, ka riƙe tsohon gilashinka ko da ya karye don akwai na'urar da ke karanta lambarsa, ka faɗi magungunan da kake sha. Mai ciwon suga ya tabbata sugansa ya zauna kafin awo, don in yana hawa yana sauka lambar ido ma canzawa take, sai a maka gilashi yau bayan sati uku ya zama ba naka ba.

Na huɗu shine ɗakin awon kansa, kuma nan ne mutane ke cutar kansu da kansu. Za a zaunar da kai mita 6 daga allon nan mai manyan haruffa a sama suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa, wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Herman Snellen ne ya fito da shi a 1862 kuma har yau shi ake amfani da shi, in ɗakin ƙarami ne sai su sa madubi ya ninka nisan. In ance ganinka 6/6 ne toh lafiya lau kenan, in ance 6/18 ma'ana abun da mai lafiyar ido zai karanta daga mita 18 kai sai ka matso mita 6. Kar ka ƙanƙance ido, kar ka leƙa ta tsakanin yatsu, kar kuma ka haddace layin da wanda ke gabanka ya karanta, ba jarabawa bace ba a faɗuwa. Wanda bai yi boko ba shima ba matsala, akwai allo mai harafin E kaɗai yana kallon sama ko ƙasa ko gefe, da hannu kawai zaka nuna. Hajiyarmu da farko cewa tayi ita ba zata ba tunda bata iya abacada ba, da ma'aikaciyar tace Mama ku nuna min inda ƙafafun kujerar nan suka kalla, sai gata tana nunawa tana dariya.

Daga nan wasu wuraren zasu sa ka ɗora haɓa akan wata na'ura ka kalli hoton ɗan gida ko balan-balan yana washewa yana dushewa, ita ke bada ƙiyasin farko, mutane na ce mata gwajin kwamfuta. Kar ka yarda a yanka maka gilashi da takardar da ta fito daga na'urar nan kaɗai, ƙiyasi ne kawai, ainihin aikin shine wanda ke biyo baya, a ɗora maka wani firem mai nauyi a dinga zura gilasai ana cirewa ana tambayarka wanne yafi, na ɗaya ko na biyu. Anan kayi gaskiya kuma kar kunya ta kama ka. In duk ɗaya kake ganinsu kace ɗaya ne, in baka tantance ba kace likita a maimaita, in rubutun ya ƙara baƙi ne da ƙanƙancewa ba wai ya ƙara fitowa ba ka faɗa, don alamar mainos ɗin ya fara yawa kenan. Ka kuma gaya masa sana'arka, tela da ke kallon allura a kusa da hanci da mai aiki a kwamfuta da direban babbar mota ba abu ɗaya suke buƙata ba. In an gama ka roƙa a barka ka tashi ka ɗan taka da firem ɗin gwajin, ka kalli ƙasa ka kalli waje. Sannan in ka haura 40, ko akwai mai hawan jinin ido a danginku, kar ka fita ba a auna maka ƙarfin ruwan ido an leƙa jijiyar ba, don shi wannan ciwon yana cin gani ta gefe shiru ba zafi, kana iya karanta 6/6 alhali yana ciki, kuma abun da ya ci baya dawowa.

Yara nasu daban ne. Yawanci sai an ɗiga musu magani ya kwantar da naman da ke matsa lens ɗin sannan lambar gaskiya ta fito, maganin na buɗe ɗan baƙin tsakiyar ido, yaro zai ga dishi-dishi a kusa kuma rana zata dame shi na wasu awanni, wani irin ma har kwanaki, ba lalacewa idon yayi ba. Yarona yana aji huɗu malaminsu ya aiko wai baya kwafa daga allo sai daga littafin na kusa da shi, har bulala ya sha akan haka, da aka auna mainos 2.50 ne. Ranar da muka karɓo gilashin muka shiga masallaci la'asar, ana sallamewa ya taɓo ni yace Abba ashe agogon can yana da wani siririn hannu mai gudu. Wallahi sai da jikina yayi sanyi. Kuma in yaro yana da harara-garke ko ido ɗaya yafi ɗaya rauni sosai kar a ce bari ya girma, in aka wuce wajen shekara 7 zuwa 8 ba a gyara ba ƙwaƙwalwa tana sabawa da watsi da idon, daga baya ko an sa gilashi da wuya ya dawo daidai.

Na biyar, karɓi takardarka. Haƙƙinka ce tunda ka biya kuɗin awo, wani shagon sai su riƙe don dole ka yi gilashin a wajensu, ni an taɓa min haka sai da na dage. Karanta ta ba wuya. RE ko OD idon dama kenan, LE ko OS na hagu. SPH shine babbar lambar, da mainos ko fulos a gabanta, ana ƙirga ta da diyofta kuma tana tafiya ne kwata-kwata, 0.25, 0.50, 0.75 haka. CYL na astigimatizim ne, kuma baya tafiya sai da AXIS, lamba tsakanin 1 da 180 da ke nuna ta wace kusurwa za a kwantar da gyaran. ADD ƙarin da ake yi ne don karatu, yawanci yana farawa wajen +1.00 a farkon shekaru arba'in ya dinga hawa har wajen +2.50 in an doshi sittin. PD kuma tazarar tsakanin ƙwayoyin idonka biyu ce a milimita, na manya galibi sittin da ɗan wani abu, in ba a auna ta ba tsakiyar gilashin ba zata zauna a saitin idonka ba, lamba daidai amma kai na ciwo. Ga wata dabara ga masu mainos, raba 100 da lambarka zaka samu santimita nawa kake gani tar ba gilashi, mai mainos 2.00 santimita 50, mai mainos 4.00 santimita 25 kacal.

Tawa takardar dama +0.50 ce da CYL mainos 1.00, hagu +1.25 ba CYL, ADD +1.25, kaga kenan babu yadda za ayi gilashin faifai mai lamba ɗaya a ido biyu ya min daidai. Ba wai ina cewa na karatun nan da ake sayarwa a shirye haramun bane, asibitoci ma suna bada shi, in an duba ka an ga idanunka biyu lambarsu ɗaya kuma ba astigimatizim toh ka saya abunka ka huta da kashe kuɗi. Matsalar a saya ba a duba ba ne, ko a ari na miji ko na maƙwabciya.

Na shida, zaɓen gilashi da firem, nan ne kuɗi ke tafiya. In matsalarka guda ce, nesa kawai ko karatu kawai, mai lamba ɗaya ya ishe ka. In kana buƙatar biyun, ko kayi guda biyu kana sauyawa, ko baifokal mai ɗan layi ko ɗan taga a ƙasa, sama nesa ƙasa karatu, ko furogiresif wanda ba layi, lambar na sauyawa a hankali daga sama zuwa ƙasa, yafi kyau a fuska kuma yana bada tsaka-tsaki irin nisan kwamfuta amma yafi tsada kuma gefe-gefensa na ɗan murɗa abu, sannan yana son firem mai ɗan zurfi da awo na tsanaki. Yawancin abun da muke cewa gilas yanzu roba ce, tafi sauƙin nauyi amma tafi saurin karcewa. Yara da masu aikin da abu kan iya fallatsowa a nema musu folikabonet don baya tarwatsewa da sauƙi. Mai babbar lamba, kamar mainos 5 zuwa sama, ya zaɓi ƙaramin firem ya tambayi lens mai siriri irin 1.61 ko 1.67, in ya ɗauki faffaɗan firem na gayu bakin gilashin zai fito kamar gindin kwalba.

Sai kayan ƙari da za a dinga lissafo maka. Shafen hana ƙyalli yana da amfani musamman ga mai tuƙin dare. Mai canza kala a rana, wanda ake cewa foto, yana da daɗi a ƙasarmu mai rana, amma ka sani baya yin duhu sosai a cikin mota don gilashin gaban mota na tare hasken da ke sa shi canzawa. Shi kuma bulu kot da ake ta tallarsa wai yana kare ido daga waya, ni dai ban ga dalilin ƙara kuɗi mai yawa akansa ba, binciken da aka tattara bai nuna yana rage gajiyar ido ba, abun da yafi shi aiki kyauta ne, duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20 kana ƙifta ido. Firem kuma ka gwada shi ka sunkuyar da kai kamar mai ruku'u ka girgiza, in ya zamo toh ba naka bane, kar ya matse gefen kai, kar gashin ido ya dinga shafar gilashin. Masu sa hijabi ko ɗaurin ɗankwali mai rufe kunne su gwada da shi a jikinsu.

Kwantak lens, wato ɗan siririn lens da ake ɗorawa kai tsaye akan baƙin ido, da tiyatar leza suma hanyoyi ne, amma kwantak da ƙurar hunturu da rashin tsaftataccen ruwa sai mai tsananin kula, ba a kwana da shi, ba a wanke shi da ruwan famfo, na kwalliyar amare da ake saya a kasuwa ana ba juna aro kuwa yana iya jawo gyambo a koniya.

Na bakwai, ranar karɓa kar ka sa a aljihu ka tafi. Saka shi a wajen, karanta allon, karanta wayarka, ka ce su duba a na'ura su tabbatar abun da aka rubuta shi aka yanka. Kwanakin farko zaka iya jin ƙasa ta ɗan taso ko bango ya karkata, musamman mai sabon CYL ko furogiresif, ka daure ka dinga sa shi tun safe kar ka dinga komawa tsohon. Mai baifokal ko furogiresif in zai sauka bene ko tsallaka kwata ya sunkuyar da kai gaba ɗaya ya kalla ta saman gilashin, in ya kalla ta ƙasan wajen karatu ne zai ga matakalar ta dushe, Hajiyarmu saura kaɗan ta faɗi a ranar farko. In an yi sati biyu har yanzu jiri da ciwon kai ko ganin abu biyu-biyu, koma musu da shi da takardar, kuskuren yanka yana faruwa.

Maganar da ake yi wai gilashi na ƙara kashe ido ko in ka fara ba ka dainawa, abun da ke faruwa shine ka ɗanɗana gani tar sai dishi-dishin da ka saba da shi da ya zama baka iya jure shi. Na tsufa dama zai ƙaru ko ka sa ko baka sa ba, na yara masu mainos ma yana ƙaruwa ne saboda ƙwayar idon na girma tare da su, abun da aka ga yana taimakawa wajen jinkirta farawarsa shine yaro ya samu kamar awa biyu a waje cikin hasken rana kullum maimakon ɗaki da waya. Kuma don Allah a bar ɗiga maganin kemis barkatai don ido na ja ko ƙaiƙayi, masu sitiroyid a ciki in aka daɗe ana sawa suna jawo hawan jinin ido da yana, balle ruwan suga ko nono ko ruwan batir.

Kula da shi kuma ba wani abu bane mai yawa. Lokacin hunturu kar ka goge shi a bushe, ƙurar nan yashi ce, zuba masa ruwa tukun da ɗan sabulun ruwa sannan ka goge da ƙyallensa, ba da bakin riga mai sitati ba ba da gefen hijabi ba. Cire shi da hannu biyu. In zaka yi alwala sa shi a gidansa ko aljihun gaba, ɗora shi akan hula na buɗe masa ƙafafu, a masallaci kuma kar ka ajiye shi a gabanka kan darduma, nawa na farko a sahun Juma'a wani bawan Allah ya taka shi yana neman wuri. Kar ka barshi a gaban mota cikin rana, zafi na fasa shafen jikinsa yayi kamar zanen gizo-gizo. Yaro a maida shi awo duk shekara, babba duk shekara biyu, mai suga ko hawan jinin ido kuma yadda likitansa ya tsara masa, takardar kuma ka ɗauke ta hoto a waya don randa gilashin zai ɓata.